Fuskata a Shafin Dogon-Hannu

Hillar Alhaji, ta Hasahisa,
Alhamis, 17 ga Rabi'u Awwal, 1436.

Zuwa ga ɗiyata Samira, 'yar yayana Abdussalami, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Zaharaddini da yara gaba ɗaya. Ni yau na tashi da sauƙi. Tarin nan ya bar ni na yi barci, ƙafar hagu ce dai har yanzu take kumbura in na daɗe a zaune, kuma sanyin bana ya fi na bara shiga ƙashi. Hannuna na rawa, za ki gani a rubutun. Inda layi ya karkace ki yi haƙuri, laifin yatsu ne, kai kam yana nan daram. Likitan Hasahisa ya hana ni gishiri da kofi. Gishirin na bari.

Goggonki Sakinatu tana Damazin wurin ɗanta. Ta yi waya da Mauludi, ta ce gwiwa ta hana ta hawa mota, ni ma na ce mata ƙafa ta hana ni, muka yi dariya muka bar ziyara sai yadda Allah ya yi. Hawashata, wato gonata ta noman ruwa, Sa'idu maƙwabcina ne yake nomawa muna raba amfani, kuma shi ne zai kawo miki wannan takarda, domin zai tashi umara ranar Lahadi in Allah ya yarda. Gida shiru tun rasuwar matata Fadimatu. Kajinta ne kawai suka rage masu gardama da ni. In na fito da safe na zauna a rakuba, 'yar rumfar nan ta ƙofar ɗaki, sai inuwa ta zagaya ta koma bayan ɗaki ban yi magana da kowa ba in ba sallamar masu wucewa ba. Ba ƙara nake kawo miki ba, ina so ne ki san halin da nake ciki lokacin da abin da zan ba ki labari ya same ni.

Kin tuna hotona da aka turo miki a Fesbuk, wanda nake zaune da farin rawani da sanda a hannu? Sa'idu ya nuna mini a wayarsa cewa kin rubuta a ƙasansa Allah ya ƙara wa baffanki lafiya, har kin sa jan fure. Na gode da addu'a. Amma ɗiyata, na san fuskar kawai kika duba kika wuce. Da kin karanta sunan da ke saman hoton da abin da aka rubuta a gefensa, da ba ki sa fure ba. Kuma ko da kin karanta ba lallai ki gane ba, domin labarin ya faru tun ba a haife ki ba, mahaifinki ya rasu kina ƙarama, mu kuma muka rufe miki shi da gangan. Yau zan buɗe.

Mahaifinki shi ne samad, wato mai kula da rabon ruwa, na hillarmu, ƙauyen nan namu, shekaru masu yawa. Ruwa yana zuwa daga babbar tur'a, magudanar da aka haƙa, kowace hawasha da ranarta. Ranarki in ta zo, dole ki tsaya a gonarki da fartanya ki buɗe, ki raka ruwan kunya kunya har ya kai ƙarshe. In kika yi sakaci ranar ta wuce, sai kin jira zagaye ya dawo, auduga kuma ba ta jiran kowa. Yaya mutum ne mai tsauri, ba na ɓoye miki. Ni ƙanensa ma ya taɓa rufe mini ruwa ina tsaye ina kallonsa, don lokacina ya cika. A lokacin akwai wani mutum a hillar nan mai suna Sodangi, mai murya, mai iya tsara waƙa, wanda ba a yin biki daga nan har Hasahisa ba a aiko masa ba. Wata shekara ranar ruwansa ta faɗo ranar wani biki. Yaya ya taka har ƙofar gidansa da sassafe ya tuna masa. Sodangi ya hau jaki ya tafi biki. Zagaye ya dawo, ya sake faɗowa kan wani bikin, ya sake tafiya. Da ya ga ganyen audugarsa ya fara lanƙwasa, sai ya zo gidan Yaya da zakara a hammata, wai a ba shi ranar maƙwabcinsa. Yaya ya ce ya koma da zakaransa. Audugar ta ƙone.

Sodangi bai iya noma ba, amma ya iya ramuwa. Ya zauna ya tsara doguwar waƙa a kan wani samad da ya kira Dogon-Hannu, ɓarawon ruwa, mai shayar da gonarsa ya bar na talakawa. Bai ambaci sunan Yaya ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya buƙaci a ambata. Waƙar ta yi daɗi, Allah ya sani ta yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Mata suka ɗauka suna rerawa a wurin tsinkar auduga, yara suka ɗauka a bakin tur'a. Mufattish, jami'in hukuma mai duba gonaki, ya zo ya bincika bai sami komai a kan mahaifinki ba, amma binciken mufattish ba ya da amshi, ba mai rera shi. Yaya ya ajiye aikin, ya rage fita, ya rasu da abin a zuciyarsa. Sodangi ma ya bi shi bayan 'yan shekaru. Sannu a hankali waƙar ta kwanta, tsofaffin da suka haddace ta suka ƙare, na ce alhamdu lillahi an binne ta.

To, Sodangi ya bar jika, Ustaz Saifuddeen, shi ne yake koyar da adabi a makarantar sakandaren da ke tsakaninmu da hilla ta gaba. Ya lura yaranmu Larabci ya cinye musu baki, in ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, kuma littafi ba ya zama a hannunsu, waya ce take zama. Sai ya fito da dabara. Ya ce kowane ɗalibi ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin waƙa ko labari, ya buɗe masa shafi a Fesbuk kamar mai rai. Ya rubuta garinsu, da sana'arsa, da abin da yake so da wanda ba ya so, sannan kullum ya rubuta abin da mutumin nan yake tunani, da bakinsa, sauran kuma su amsa masa da bakin nasu mutanen. Wanda ya fi shiga rigar mutuminsa shi ya fi samun maki. Da ya tashi zaɓen waƙar Hausa, a duk waƙoƙin da kakanninmu suka ɗauko a ka tun daga Sakkwato, bai ga wadda ta dace ba sai ta kakansa.

Ban san da wannan ba ranar da ya yi mini sallama, kafin Babbar Sallah, shi da ɗalibai mata da maza. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Baba Malam, ya ce ya ji na koyar da Larabci shekara talatin, kuma suna wani aiki a kan mutanen da, suna son hoton dattijo mai kamala. Samira, in gaya miki gaskiya, daɗi ya kama ni. Rabon da wani ya shigo rakubar nan ya zauna har na manta. Na ce su dakata. Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na ciro jallabiyar da na sa ranar ɗaurin aurenki, na naɗa rawani sau biyu don na farkon bai zauna ba, na shafa turaren Fadimatu da ya rage, kamar hoto yana ɗaukar ƙamshi. Ustaz ya ce in ɗan ɗaure fuska kamar mai hukunci, in miƙa hannu gaba da sanda. Na ɗaure, na miƙa. Na aika aka sayo musu lemo. Da suka tafi na daɗe ban cire rawanin ba.

Ban gane abin da na yi wa kaina ba sai ranar da na je Hasahisa karɓar magani. Ina shiga mota, ɗan kamasho ya dube ni ya dubi wayarsa, ya ce wa fasinjoji su matsa wa Samad. Na ɗauka girmamawa ce saboda Yaya, har na yi masa addu'a. A bakin asibiti mai shayi ta ce kofi ɗaya za ta ba ni, kada in shanye mata tulu. Ranar Jumma'a kuma ina isa wurin alwala wani saurayi ya ɗaga murya ya ce kowa ya riƙe butarsa, Dogon-Hannu ya iso. Aka yi dariya, har da masu furfura. Sunan nan rabona da jin shi a bakin mutum ya fi shekara arba'in. Bayan salla na tare Sa'idu na ce ya faɗa mini abin da kowa ya sani ban da ni. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ciro waya. Ga ni nan da rawanina, fuska a ɗaure, hannu a miƙe. A sama an rubuta Samad Dogon-Hannu. Sana'a, satar ruwa. Abin da yake so, ranar maƙwabci. A ƙasa mutane daga Damazin da Rusairis da Khartum har da ƙasashen waje suna ta zuba dariya. Wani ya rubuta, ashe ɓarawon yana raye. Can cikinsu na ga furenki.

Kin san duk wanda ya san Yaya yana cewa ni da shi kamar an tsaga kara. Tsufa ya ƙara mana kama. A hillar nan akwai tsofaffi da yawa, wasu sun fi ni gemu, wasu sun fi ni rawani. Me ya sa sai ni? Washegari na dogara sanda na tafi makarantar, ina tafiya ina hutawa a gindin itatuwa. Na same shi a ofishin shugabansu. Na tambaye shi ko ya san wane ne Dogon-Hannu. Ya yi murmushin nan na waɗanda suka je jami'a, ya ce ai Dogon-Hannu ba kowa ba ne, shakhsiyya ce, wato mutumin cikin waƙa, wanda marubuci ya ƙirƙira daga tunaninsa, kuma babban kuskure ne a haɗa adabi da rayuwar mutane. Na ce masa to shakhsiyyar nan ni na yi mata wanka, ni na sa ta a likkafani, 'yarta tana Jidda. Ya rantse bai sani ba, wai fuskata ce kawai ta yi masa kama da ta mutanen da. Na ce ƙwarai ta yi kama. Na ce ya cire hoton. Ya ce sai ƙarshen zango, don bai ba da maki ba tukuna, kuma ko an cire, mutane sun riga sun kwafa. Wato mutuncina da na mamaci su jira ya gama gyaran jarrabawa.

Ban yi masa ihu ba, numfashina ba ya kai wa ihu yanzu. Na tambaye shi a hankali ko waƙar kakansa ce kaɗai take da ikon shiga darasin. Ya gyara zama ya ce a'a, ƙa'idarsa ɗaya ce, duk waƙar da aka tsara a hillar nan, ko wa ya tsara ta, za ta shiga, kuma duk mutumin da ke cikinta za a buɗe masa shafi a sa masa fuska. Na ce kunnena ya yi nauyi, ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi a gaban shugaban makarantar. Na ce to madalla, ni ma ina da 'yar waƙa. Ya ce zai zo da kansa ya saurara, mu kuma zauna mu fahimci juna a kan maganar hoton. Ya sa rana sau biyu yana ɗagawa, yanzu ya ce gobe Jumma'a bayan la'asar, babu fashi.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Dabarar yaron nan tana aiki. Ni na koyar da waƙa da bulala da hadda, yara su rera mini baiti ɗari ba su san abin da ke ciki ba. Waɗannan kuwa Sa'idu ya karanta mini abin da suke rubutawa, Hausa ce da baƙaƙen Larabci kamar yadda kakanninmu suke yi, suna gardama a kan wa ya fi laifi, suna tambayar iyayensu ma'anar kalmomin da suka daina ji. Yarinyar da aka ba wa Dogon-Hannu, ban san ko 'yar wa ce ba, wata rana ta rubuta da bakinsa cewa yau ma ba wanda ya gaishe shi a masallaci. Wannan babu shi a waƙar, ita ta zauna ta yi tunaninsa. Kuma wallahi da waɗannan kalmomin Yaya ya taɓa faɗa mini, yana zaune a inda nake zaune yanzu. Na sa Sa'idu ya rufe wayar. Yarinyar ban riƙe ta da komai ba. Amma ki duba, yarinya ƙarama ta gane akwai mutum a bayan sunan nan, malaminta mai digiri ya ce wai shi bai gane ba. Ban yarda ba, kuma ban yafe ba.

Ga abin da na yi. Ku 'yan yanzu ba ku san tahamisi ba. Al'adar malamanmu ce, kakanki ya koya mana ita muna yara. In waƙar wani malami ta burge na bayansa, sai ya ɗauki kowane baiti mai layi biyu ya ɗora masa layi uku a sama, su zama biyar, ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya na mai waƙar ba. Girmamawa ce babba. Kuma in tahamisi ya zauna, mutane sukan manta da asalin, ba a sake rera biyun sai da ukun. To ni ma na girmama Sodangi, irin girmamawar da jikansa ya yi mini. Waƙarsa tana kaina duka, ban taɓa iya fitar da ita ba. Na bi ta baiti baiti, na shiga bakinsa kamar yadda Ustaz yake koya wa yara, na sa shi ya faɗi abin da ya tsallake. Inda ya ce ruwa ya wuce gonarsa, yanzu ga yadda take:

Samad ya zo kira, na fice,
Gidan biki na wuni kwance,
Da cin rago, gona na mance,
Ruwa ya zo, ruwa ya wuce,
Gonata ba ta sha komai ba.

Layi biyun ƙarshe nasa ne, ban taɓa su ba. Inda kuma ya fara zagin mahaifinki:

Na kai zakara har gidansa,
In sayi ranar ɗan'uwansa,
Ya ƙi, sai na tsara zaginsa:
Dogon-Hannu ya buɗe nasa,
Namu ko ɗigo bai bari ba.

Haka na bi ta har ƙarshe. Tun da na fara aikin nan abinci ya dawo mini da ɗanɗano. Ina zaune ina neman amsa-amo ina dariya ni kaɗai, kaji suna kallona. Na rera wa Sa'idu baiti biyar, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya tuna matarsa dangin gidan Sodangi ce, ya ce shi bai ji komai ba.

Sauran baitocin suna cikin takardun da na haɗo da wannan. Abin da nake so ki yi mini, ɗiyata, shi ne ki sa yaranki, Sara ko Abdulmuttalib, su buɗe shafi da sunan Sodangi Mai Waƙa. Sana'a ki sa cin ragon biki. Abin da yake so, ranar maƙwabci, ki mayar masa da kayansa. Kullum baiti ɗaya, bayan la'asar ta nan, lokacin da ɗalibai suka koma gida suka ɗauki waya. Kada ki zuba su gaba ɗaya, ina so ya kwana ya tashi yana jiran na gobe, kamar yadda Yaya yake jiran sabon baiti duk lokacin tsinkar auduga. Fuska kuma, Sa'idu ya nuna mini wani hoton Ustaz a shafinsa, yana tsaye gaban madatsar Rusairis da baƙin tabarau, ruwa ya cika bayansa. Shi za ki sa. Goshin kakansa ne, hancin kakansa ne. In ya yi ƙorafi ki ce masa shakhsiyya ce, fuskarsa ce kawai ta yi mana kama da ta mutanen da. Ya faɗi ƙa'idarsa a gaban shugabansa, ina so in ga yadda zai tsaya gaban ɗalibai ya ba da maki ga wanda ya fi iya zama kakansa. Ke na zaɓa don kina nesa. In a nan ne, kafin baiti na uku za a turo mini liman da dattawa a yi sulhu, a sha kofina, a ce in yi haƙuri don ni ne babba. Na yi haƙuri shekara hamsin, ban ga abin da ya saya wa Yaya ba.

Saura baiti ɗaya, na ƙarshe, kuma shi ne ban sa a takardun ba. Sodangi ya rufe waƙarsa da cewa yaransa sun kwana da yunwa, Samad bai tausaya musu ba. Wannan layi shi ya fi sa mata kuka, shi ya fi sa aka tsani mahaifinki. Gaskiyar kuwa, shekarar da audugar ta ƙone, Yaya ya auna dawa daga rumbunsa ya ɗora mini a jaki, ba sau ɗaya ba, na kai wa Indo matar Sodangi da tsakar rana lokacin da kowa yake ƙailula, ta ƙofar baya. Da dawar nan aka yi kisira, wainar nan tamu, wadda ta raya yaran gidan, cikinsu har da mahaifin Ustaz, yana ɗan yaye a lokacin. Sodangi ya sani, ya ci, ya wanke hannu, ya fita ya rera. Na ce wa Yaya in faɗa wa mutane. Ya kama hannuna ya ce abin da aka yi don Allah ba a kai shi kasuwa, kuma yaran ba su yi masa komai ba, kada su tashi ana yi musu gori. Ya sa na yi masa alkawari. Indo ta rasu, Yaya ya rasu, saura ni. Ke ce mutum ta farko da na faɗa wa, don ke jininsa ce.

Layuka ukun suna kaina, sun zauna daidai, su ne mafi kyau a duk abin da na tsara. In suka fita, ba wanda zai sake kiran mahaifinki ɓarawo, kuma Ustaz ba zai sake cin kisira a gaban mutane ba tare da wani ya tambaye shi dawar wa ce ba. Amma in suka fita na karya alkawarin mamaci. Don haka na yanke wa kaina hukunci. In ya zo gobe ya zauna a kan gadon igiyar nan, ya sha kofi, ya ce Baba na yi kuskure, ko bai cire hoton nan take ba, zan riƙe baitin nan a cikina in tafi da shi kabari. Sauran kam sai sun fita ko ya zo ko bai zo ba. Na sa an sayo mini citta da sabon gawayi. Rabon da in ɗora jabana, tukunyar kofi, don baƙo tun Fadimatu tana raye.

Ki gaishe mini da Zaharaddini, ki ce masa na ji daɗin tabarau ɗin da ya aiko, da su nake rubutun nan. Ki gaishe da Sara da Abdulmuttalib, ki ce musu kakansu yana da aiki a gare su, su yi shi da kyau. In kin je Harami ki sa mahaifinki da Fadimatu a addu'a, ni ma ki sa ni a ƙarshe. Sa'idu zai ba ki 'yar kuɓewa busasshiya da na ƙulla, ta gonarmu ce. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga bakin mutane.

Naki,
Baffanki Ɗayyabu.

Jumma'a, bayan magariba.

Na buɗe takardar don in ƙara wannan. Tun bayan azahar na share rakuba, na shimfiɗa darduma a kan gadon, na sa jallabiyar nan da rawanin nan, don ya gan su a jikin mai su. Na soya kofi, na daka, na ɗora jabana, na jera ƙananan kofuna biyu. Duk motsin da na ji a hanya sai in gyara zama. Sau ɗaya babur ya rage gudu a ƙofar gida, har na dafa sanda zan miƙe, ashe rami yake kaucewa. Gawayi ya cinye, na ƙara wani. Da aka kira magariba Sa'idu ya leƙo, ya ce ya ga Ustaz tun da safe ya shiga motar Hasahisa, ana bikin wani abokinsa. Bai aiko da ko sallama ba.

Biki, Samira. Ban ma yi fushi ba, dariya na yi. Na shanye kofina, na shanye nasa, likita ya yi haƙuri. Ga baitin, ki sa shi a ƙarshe:

Ya aiko mana buhun dawa,
Muka ci da miyar kuɓewa,
Na lashe hannu ina cewa:
Yarana sun kwana da yunwa,
Samad bai ji tausayinsu ba.

Alkawarin ni na ɗauka, ni na karya, babu ruwanki a ciki. Yaya zai tambaye ni, na sani. Ba da daɗewa ba zan je in amsa masa da bakina. Bari in cire rawanin.